Allon Ƙofar Motar Baba Direba

Shagon ɗinkina yana kallon get ɗin gidan su Baba Direba, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani. Har yau in na tuna sai na ɗauke ƙafa daga kan keke, don in na ci gaba da ɗinki a haka sai na ɓata wa mutane yadi.

Baba Direba ya kai shekarun da kai ke fara zubar da kayansa. Ya manta sunan matarsa da ta rasu, ya manta unguwar da yake. Wani lokaci sai ya dubi babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, ya tambaye shi ko shi ne sabon ɗan haya. Abu ɗaya ne ya ƙi fita daga kansa, motarsa. Tsohuwa ce, doguwa, kalar madara, mai manyan fitilu kamar idon saniya. Da ita ya yi haya har ya gina gidan nan, a cikinta ya riƙa kai su Manaja makaranta.

Kullum da safe zai fito da sandarsa ya buɗe ƙofar direba, ya zauna, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai wani ɗan allon ƙarfe, bai fi faɗin yatsu biyu ba, an kafe shi da ƙusa biyu tun daga kamfani, an buga masa lambar jikin motar. Baba zai ɗora babban yatsansa a kai, ya riƙa shafawa yana karanto lambobin da ka, ido a rufe, tiryan-tiryan. In ya kai ƙarshe sai ya buɗe ido ya ce, "Tana nan lafiya." Sai a lokacin zai yarda ya karya.

In get a buɗe yake ya hango ni, sai ya ɗaga murya.

"Tela, ina za a kai ki?"

"Kasuwa, Baba."

"Shigo baya. Amma ban da lodi, ni ba na wahalar da mota."

Sai ya kama sitiyari ya yi ta murzawa, motar na tsaye inda take. Can ya ce mun iso, in ce na gode, ya ce in bar kuɗin, maƙwabtaka ta wuce haka. Wannan ita ce tafiyarmu ta kullum, kuma ban taɓa makara ba.

Shekara da shekaru kaji ne ke kwana a ƙarƙashin motar nan, Manaja kuwa sunan da yake kiranta da shi tarkacen Baba. Sai ranar da ya zo da wani abokinsa mai yawo da gajeren wando da gilashi a goshi, cikin masu tara tsofaffin motoci suna baje kolinsu duk shekara. Mutumin ya zagaya motar yana riƙe baki. Ya ce irinta ta yi wuya, in aka gyara ta ba mai ja da ita a wurin baje koli. Tun daga ranar tarkace ya zama "motar gidanmu". Aka kori kaji, aka yi fenti, aka sa sababbin tayoyi, aka sayo tamfol mai laushi wanda ya fi bargon Baba tsada.

Abokin ne kuma ya gano matsalar. Ya buɗe ƙofar direba ya taɓa allon, sai allon ya motsa. Ƙusa ɗaya ta cinye, saura ɗaya ke riƙe da shi.

"Kai, Manaja, ka yi hankali da wannan," in ji shi. "Shi alƙalan baje koli ke fara dubawa. Allon nan shi ne asalinta. In ya faɗi ya ɓace, motar nan ta zama ba 'yar kowa ba. Wa ke taɓa shi haka har ya yi santsi?"

Manaja ya juya ya dubi mahaifinsa, wanda ke zaune a kan benci yana jiran baƙi su matsa ya shiga motarsa.

Washegari Baba ya fito kamar kullum, ya ja ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Ya sake ja. Ya zagaya ɗaya gefen ya ja. Ya laluba aljihu, ya laluba hula, ya duba ƙasa. Sannan ya tsaya yana kallon gidan kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba.

"Wa ya ga makullina?"

Matar Manaja ta leƙo daga kicin. "Baba, an kai shi gyara. Zo ka karya."

"Ban duba ta ba tukuna."

"An duba maka. Tana nan lafiya."

Ya girgiza kai. Shi ne mai faɗin wannan maganar, ba wani ba. Ranar shayinsa a kan benci ya huce, ƙuda suka gama da burodin.

Na bari har Manaja ya fito zai tafi aiki, na tare shi a bakin get. Na ce masa tsohon nan motar ce ke riƙe da shi, a bar shi ya zauna ko na ɗan lokaci ne da safe.

"Tela, ba ki gane ba ne," ya ce yana duba agogo. "Don shi nake yi. Sunansa za a kira a wurin baje kolin, ba nawa ba. Na yi odar ƙusoshin asali daga waje, da sun iso an kafe allon, shi ke nan. Kwana nawa ne? Kuma ai ba ya ma sanin abin da ake ciki. Zuwa gobe ya manta."

Bai manta ba. Mutumin da ke manta ko ya ci abinci, kullum gari ya waye sai ya je ya ja ƙofar nan. Da ya fara barin sawun yatsu a kan sabon fenti, aka lulluɓe ta da tamfol aka ɗaure. Sai ya koma ɗaga gefen tamfol ɗin yana leƙe. Aka tura ta cikin gareji aka sa kwaɗo. Daga nan ya daina tambayar makulli, ya koma tambayar motar.

"Tela, ba ki ga wanda ya ɗauki motata ba?"

"Tana gareji, Baba."

"A'a. Sun tafi da ita tasha. Yaran nan ba su iya ta ba, za su ƙona mata kuloci."

Ya rame. Rigunansa da ni na ɗinka su daidai jikinsa suka koma kamar na aro. Ya daina kirana kasuwa. Abokan Manaja kuma suka yawaita zuwa kallon mota da yamma, ana buɗe gareji ana ɗaukar hoto, Baba kuwa in ya ji ƙarar kwaɗo sai ya taso yana jan ƙafa, wani lokaci wando a jiƙe. Don haka aka kwashe shi daga ɗakinsa na gaba aka mai da shi ɗakin baya kusa da tankin ruwa. Matar Manaja ta ce can ya fi iska. Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma katanga take kallo.

Sai ya fara fita nema. Karon farko ni na kamo shi a kwanar layi, yana leƙa motocin mutane. Karo na biyu mai kantin bakin titi ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi, ya ce a tsakiyar kwalta ya same shi yana tsayar da motoci. Ya tambaye shi sunansa, ya kasa faɗa. Sa'a ce kawai ta sa ya san fuskarsa.

A makon ne Auta ta zo, ƙaramar 'yarsa da ke aure a wani gefen gari. Ita kaɗai ce in ta zo take yanke masa farce. Ina jin muryarsu ita da Manaja daga shago.

"Yaya, ka ba shi makullin nan. Ko ka buɗe masa ka tsaya a kansa."

"In tsaya a kansa in bar aikina? Ke da kike zuwa ki yi awa biyu ki tafi, ke ce za ki koya mini riƙon Baba? Wa ke ciyar da shi? Wa ke sayen magani? Bayan baje koli ya kwana a ciki ma in yana so."

Ta fito idonta jajir ta shigo wurina da rigunan Baba a leda. Ta ce tunda ba za a hana shi fita ba, in ɗinka masa wani abu da zai nuna ko shi waye. Na yanko farin ƙyalle, na zauna na rubuta sunansa da zare baƙi, da sunan layinmu, da lambar wayarta da ta Manaja. Na ɗinka a saman aljihun kowace riga, na bi shi sau biyu don kada wanki ya cire. Ban karɓi ko sisi ba, kuma ban taɓa yin ɗinkin da na yi wa hankali irin wannan ba.

Ƙyallen bai kwana biyu a jikin Baba ba. Manaja ya gani ranar da abokansa suka zo, Baba ya ɓullo da farin ƙyalle a ƙirji, wani cikinsu ya sunkuya yana karantawa. Da baƙi suka tafi gidan ya ɗauki zafi.

"Ubana ne za a manna wa takarda kamar buhun da za a aika a tasha? So ake a ce mun kasa riƙe shi? Ni za a tozarta a unguwa?"

Da safe matarsa ta shigo shagona da ƙyallayen a hannu, ta farke su da reza, har ta yanki wata riga a wuri ɗaya. Ta ajiye mini a kan tebur.

"Maigidan ya ce a dawo miki da kayanki. Ya ce kuma a riƙa tambaya kafin a yi wa mutane gwaninta."

Na haɗiye abin da ya zo bakina, na ce to a kawo in mayar ta cikin wuyan riga, inda ba mai gani sai an duba.

"Ni dai an ce a'a. Kin san halinsa. Kuma ai muna kula, get ɗin ma yanzu kullum a kulle yake."

Gaskiya ne, sun kulle get. Baba ya koma tsayawa a bayansa, yatsunsa a ramin da ake zura hannu a buɗe sakata. Daga shago yatsun kawai nake gani.

Ƙusoshin suka iso ana saura kwana kaɗan baje koli, cikin 'yar ƙaramar leda kamar maganin asibiti. Ranar hutu da hantsi bakanike ya zo da akwatin kayan aikinsa. Ya ce gareji ya yi duhu, aikin nan kuwa ba ya son kuskure, in aka kuskure ramin sau ɗaya an ɓata allon. Aka wangale get gaba ɗaya, aka turo motar har rabinta ya fito waje inda rana take. Abokai suka taru, har da mai gajeren wando.

Na ga aikin da aka yi wa allon nan. Bakanike ya shimfiɗa tsumma don kada fenti ya karce. Ya cire tsohuwar ƙusa a hankali, ya ɗauko allon a tafin hannunsa, aka wanke shi da buroshi mai laushi, aka goge ramukan, aka shafa maganin tsatsa. Manaja na tsugune a gefensa da wandonsa mai guga, yana ta cewa, "A hankali, don Allah a hankali, ba shi da madadi."

Sai ga Baba. Ƙarar ƙofar ya ji, ƙarar da ya sani tun kafin a haifi duk wanda ke wurin. Ya taho ba sanda, yana sauri irin wanda na daɗe ban ga ya yi ba, fuskarsa a sake. Ya ratsa mutane ya miƙa yatsa wurin ginshiƙin. Babu allo, sai ramuka biyu. Ya shafa wurin, ya sake shafawa.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce a hankali.

"Baba, don Allah matsa, za ka ɓata mana aiki." Manaja ya kama kafaɗarsa ya juya shi, ko fuskarsa bai kalla ba. "Wani ya mai da shi ciki mana!"

Matarsa ta fito ta zaunar da shi a kan benci kusa da get, ta ce ya jira ta kawo masa ruwa. A daidai lokacin wata da ta kawo ɗinki ta shigo gwada riga, na saki labule muka shiga ciki. Ina jin bugun guduma ƙasa-ƙasa, sannan na ji tafi da shewa.

Da na ɗaga labule allon ya koma wurinsa yana ƙyalli, ana layin ɗaukar hotonsa. Benci ba kowa. Na tsallaka na tambayi matar Manaja ina Baba.

"Yana ɗakinsa," ta ce, tana zuba wa baƙi lemo.

Ba ta duba ba. Sai da yamma da aka kai masa abinci aka tarar da ɗakin wayam, sandarsa a jingine da bango.

Auta ta iso ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba. Ta ce a kai cigiya rediyo yanzu-yanzu, a sa hotonsa a waya kowa ya gani. Manaja ya ce a dakata.

"Kada a tara mana jama'a. Ina zai je da ƙafar nan? Yana nan kusa, wani zai kawo shi kamar kullum. In aka sa a rediyo, gobe a wurin aiki da wane ido zan kalli mutane?"

Sai da aka kwana biyu ya yarda. Ranar baje koli kuwa, da sassafe na ga an goge mota an fito da ita. Auta ta tsaya a gabanta.

"Yaya, tafiya za ka yi?"

"Zamana a gida zai dawo da shi ne? Na sa mutane suna nema. Kuma an riga an buga sunan motar a takarda. Shi kansa Baba da yana cikin hankalinsa cewa zai yi in je."

Ya je. Ya dawo da yamma da kofi mai ƙyalli a kujerar gaba da jan ƙyalle a ɗaure a madubi. An ce alƙalai sun daɗe a tsugune gaban allon suna yaba yadda aka adana shi.

Ni da Auta muka rufe shago muka bi gari. Ofishin 'yan sanda, tashoshin mota, ƙarƙashin gada, asibiti bayan asibiti. Ko'ina tambaya ɗaya ce, da wane suna aka kawo shi? Mu ce ba zai iya faɗin sunansa ba. Sai a ɗaga kafaɗa a ce mu gwada gaba.

A wani asibiti can ƙarshen gari, kusa da inda tsohuwar tashar haya take kafin a tashe ta, wata nas ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo. Ta jawo mana kujeru. Tun daga nan na gane.

Ta ce masu wucewa ne suka tsince shi a gefen titi, ya faɗi, ƙishirwa da rana sun gama da shi. Ya yi kwanaki a wurinsu. Jiya da safe ya cika.

"Mun yi ta tambayarsa sunansa, ko na wani nasa," in ji ta. "Ba ya cewa komai sai waɗansu lambobi. Kullum su ne, ba ya canzawa. Muka ɗauka lambar waya ce. Wallahi ni da kaina na yi ta kira, na ƙara sifiri a gaba, na cire na ƙarshe, ba ta shiga. Mun duba aljihunsa, mun duba rigarsa ciki da waje, babu komai. Da akwai ko lamba ɗaya ta gaske, da tun ranar farko kuna nan."

Ta ce in yana faɗin lambobin, sai ya riƙa shafa ƙarfen gado da babban yatsa. Ta buɗe durowa ta ɗauko ɗan farin zoben roba da ake ɗaura wa marasa lafiya a hannu. Wurin suna an rubuta "ba a sani ba". A ƙasa, da biro, lambobin nan ne a jere. Auta ta karɓa ta riƙe, ba ta yi kuka ba sai da muka fito bakin titi.

Gidan ya cika da masu gaisuwa. Manaja na zaune a tsakiya, murya a dushe, yana cewa kwana ne ya ƙare, ba yadda za a yi. Yana cewa sun yi iya ƙoƙarinsu, tsufa ne, kowa ya san yadda masu irin wannan ciwon suke. Na ji da kunnena yana gaya wa wani cewa abin da ke sanyaya masa rai shi ne ya riƙe amanar motar Baba, ko ƙwarzane babu. Mutane suna gyaɗa kai suna cewa ɗa na gari ke nan. Na tashi na fita don kada in yi abin da za a daɗe ana ba da labari.

Da jama'a suka ragu, Auta ta je ta tsaya a gabansa.

"Yaya, ba ni makullin mota."

Wannan karon bai yi musu ba. Ta buɗe gareji, ta yaye tamfol, ta buɗe ƙofar direba. Ta durƙusa ta ɗora zoben robar kusa da allon, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ko ɗaya bai kuskure ba.

"Zo ka gani," ta ce. "Ya yi ta gaya musu inda za a same mu. Iyakar abin da ya rage masa ke nan, ya kuma ba su. Ita motar ka kafe mata nata da ƙusar waje don kada ta zama ba 'yar kowa ba. Shi ka sa an farke nasa da reza."

Manaja ya buɗe baki. Ina tsaye ina jira in ji wane uzuri ne ya rage. Sai ya ce, "Ki yi a hankali da fentin."

Ƙyallayen nan suna cikin durowar kekena har yanzu, da sunansa da lambobin waya biyu, zaren ko kwancewa bai yi ba. Motar tana gareji, kofin yana falo a saman talabijin. Duk wanda ya zo sai an kai shi ya ga allon, a gaya masa na asali ne, tun daga kamfani. Bakaniken kuwa ya iya aikinsa. Allon ya zauna daram, kuma ba zai sake motsi ba, tunda yanzu babu mai taɓa shi.